Casilda Mai Tsaron Dogo da Ƙanenta Minista

A garinmu Valdecorza ba a cewa gidan su Casilda, sai dai a ce Ɗakin Dogo. Ɗan ƙaramin gida ne na dutse, ɗaki biyu da madafa, daidai inda hanyar gari ta ƙetare layin jirgin ƙasa, tafiyar rabin sa'a daga coci. A nan aka haife ta. A nan uwarta Benita ta yi shekara goma sha bakwai tana jan sarƙa ta tare hanya in jirgi zai wuce, ta tsaya da jar tuta a hannu har tarago na ƙarshe ya shige. A wancan zamani aikin mata ne. Mazansu, irin su Saturio uban Casilda, suna can kan layi da diga da shebur.

Casilda na da shekara goma sha huɗu ciwon huhu ya ɗauke uwar, a tsakiyar sanyin Fabrairu. Ta bar mata uba wanda baƙin ciki ya ɗaure wa baki, da ƙane ɗan shekara uku, Anselmo. Ranar jana'iza, ana dawowa daga maƙabarta, sai Casilda ta ji kukan jirgin ƙarfe huɗu daga bayan tudu. Ba wanda ya ce mata komai. Ta tattare baƙar rigarta ta sheƙa a guje, ta ja sarƙa, ta ɗaga tuta tana haki. Direban jirgin, wani mai kaurin gashin baki da ake kira Melquiades, ya leƙo ya ga yarinya a wurin uwar. Ya gane abin da ya faru, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji har ya wuce. Daga ranar aikin ya zama nata, ko da yake sai bayan shekara biyu hukumar jiragen ta sa sunanta a takarda.

Jirgi huɗu ke wucewa kullum, biyu da safe, biyu da yamma. Tsakaninsu kuwa ga wanki, ga girki, ga kaji, ga ɗan lambun dankali, ga Anselmo wanda ƙafarsa ba ta zama. In lokacin jirgi ya kusa, sai ta ɗaura masa igiya a ƙugu ta ɗaure a ƙafar teburi, ya yi ta ihu har ta dawo. Da ya girma ihun ya koma tambaya. Yakan zauna kan katanga yana kallon taragon kaya.

"Yaya, me ya sa alkamarmu da ulunmu suke tafiya tarago goma, abin da ke dawo mana tarago ɗaya ne?"

"Ci abincinka."

"To wa yake cinye sauran?"

"Na ce ci abincinka, kafin in ba kaji."

Wata Lahadi malamar makarantar garin, Doña Eufemia, ta tako har Ɗakin Dogo da laima a hannu. Ta ce yaron nan kansa ya fi ƙarfin ajinta, akwai jarrabawar da in ya ci gwamnati za ta ɗauki nauyin karatunsa a birnin Soria. Saturio ya daɗe yana kallon murhu, sannan ya ce layi na jiran yaron, in ya cika sha shida zai samo masa gurbi a cikinsu.

Casilda ba ta taɓa yi wa ubanta musu ba. Ran nan ta ajiye ludayi ta ce, "Baba, sanyin layin nan ya ci Inna, ya karya maka baya, ni ma ga ni a kai. Mutum uku sun ishe shi a gida ɗaya."

Washegari tsohon da kansa ya kai yaron wurin mai aski, don kada ya je jarrabawa da suma.

A cikin abokan aikin Saturio akwai wani ƙaton saurayi mai sanyin magana, Fermin. Tana da shekara ashirin ya tare ta a bakin rijiya ya ce yana sonta, kuma ya sami aiki a wata masana'antar ƙarfe a Bilbao, su yi aure su tafi. Ta ce masa, "In za ka iya jira yaron nan ya tsaya da ƙafarsa, to. In ba za ka iya ba, ga jirgi nan sau huɗu a rana, zaɓi wanda ya yi maka." Fermin ya sosa ƙeya, ya ce dama an ce Bilbao ruwan sama ya yi yawa. Shekara tara ya jira. Sai da aka binne Saturio, Anselmo ya tafi jami'a a Madrid, sannan aka ɗaura musu aure. Allah bai ba su haihuwa ba. In matan gari sun fara yi mata jaje, takan ce ta riga ta yi raino tun ba ta san ciwon kanta ba, kuma wanda ta raina ɗin ya ishi gida uku.

Duk Alhamis takan haɗa kwando: burodi, cuku, dafaffen ƙwai, naman da ta kyafe a hayaƙi, wani lokaci da safa da ta saƙa. Jirgi ba ya tsayawa a Ɗakin Dogo, doka ma ba ta yarda ya rage gudu ba. Amma duk Alhamis Melquiades sai ya ji injinsa yana bukatar numfashi daidai wurin. Mai zuba masa kwal ya miƙo hannu ya cafe kwandon, daga hannu zuwa hannu har Madrid. Ranar Litinin kwandon ya dawo da tufafi masu datti da 'yar wasiƙa.

Da Anselmo ya zo hutun farko ta tambaye shi wai shin me yake karantawa ne, don matan gari suna tambaya, ita kuma ba ta san me za ta ce ba. Likita ne, ko lauya?

"Ilimin tattalin arziki, Yaya."

"Arzikin wa?"

"Na ƙasa baki ɗaya."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ga gwiwar wandonsa a huje. "To Allah ya taimaki ƙasa. Cire wandon in ɗinke."

A shekararsa ta uku, wata Litinin kwando ya dawo yadda ya tafi, ko burodin ba a taɓa ba. Melquiades ya leƙo yana ɗaga murya don ta ji cikin ƙarar injin: an kama yaron, shi da wasu ɗalibai, an same su da takardun sukar gwamnati. Zamani ne da faɗin abin da ke ranka laifi ne babba. Casilda ta miƙa wa Fermin tuta, ta naɗe bargo, da yamma ta hau jirgi a tashar gari. Shekara goma sha takwas tana tare masa hanya, ran nan ta fara shiga cikinsa. Da suka zo wucewa ta ga gidanta ta taga, ƙanƙani, ga Fermin tsaye ya riƙe tuta kamar wanda aka ba jariri.

Kwana uku ta yi a kan benci a ofishin 'yan sanda, bargo a cinya. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba. Duk wanda ya wuce sai ta ce, "Ni ce yayar Anselmo Tejedor, na kawo masa bargo." A rana ta uku wani kofur ya gaji da ganinta ya karɓa. Bayan kwana goma sha biyu aka sako shi, ido ɗaya a kumbure. Ta riƙe haɓarsa ta juya fuskar dama da hagu.

"Ka rame. Kuma kana wari."

"Yaya, ki yi haƙuri."

"Abin da ke cikin takardun, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"To ba ni za ka ba haƙuri ba. Mu je ka yi wanka."

Sai da ta koma cikin jirgi ita kaɗai ta rufe fuska da mayafi ta yi kukanta har ta ƙoshi.

Daga nan hanyar Anselmo ta miƙe. Ya gama karatu, ya yi shekara biyu a ƙasar waje, ya dawo yana koyarwa a jami'a. Ya auri wata likita 'yar arewa, Maite, mace mai dariya da ƙarfi wadda Casilda ta so tun ranar farko, don ta ci abinci ta nemi ƙari. Ya rubuta littafi ya aiko mata. Ta karanta shafi goma sha ɗaya, ta naɗe shi a tsumma mai tsabta ta sa a akwati. Da ƙasa ta sauya aka fara zaɓe, ya shiga jam'iyya, ya ci kujerar majalisa. Yana da shekara arba'in da huɗu aka ba shi ministan ayyuka da sufuri.

Ranar rantsuwa duk gari ya taru a shagon kofi na Ciriaco, magajin gari, ana kallo a talabijin. Casilda ba ta je ba, don lokacin ya zo daidai da jirgin sha biyu. Fermin ne ya dawo mata da labari.

"Yaya ya yi?"

"Ya yi kyau. Muryarsa ba ta yi rawa ba."

"Rigar fa?"

"Wuyan ya ɗan karkace."

"Na sani," in ji ta, ta juya tana share ido da bayan hannu. "Tun yana yaro bai iya ba."

Nan da nan ta zama Doña Casilda, laƙabin da ake girmama manyan mata da shi. Mutanen da ba su taɓa taka hanyar Ɗakin Dogo ba suka fara zuwa da zuma da ƙwai. Wannan ɗansa na neman aiki, wancan yana so a gyara hanyar gonarsa. Takan ba su kujera, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ni sarƙa nake ja. Ga adireshin ofishinsa, ku rubuta kamar kowa. Ku tafi da zumarku, kada ta lalace."

Sai dai Valdecorza ta riga ta fara zubewa tun kafin wannan. Garin da Casilda ta sani da mutum ɗari shida ya koma ɗari da arba'in, yawanci tsofaffi. Matasa sun bi jirgi zuwa Zaragoza da Barcelona ba su dawo ba. An rufe makarantar Doña Eufemia. Jirgi huɗu ya koma biyu, shi ma tarago ɗaya tak mai inji a jikinsa. A shekara ta biyu ta ministancin Anselmo jarida ta buga jerin layukan da gwamnati za ta rufe don ba fasinja. Namu ne na bakwai.

Ciriaco ya zo da dattawa uku, hula a hannu, suka ce ta yi magana da ƙanenta. Wannan karon ba ta ba su adireshi ba. Da suka tafi ta ɗauko kati ta rubuta layi ɗaya: "In gaskiya ne, ka zo ka faɗa mana da bakinka."

Ya zo ranar Asabar. Baƙar mota ce, da ta 'yan sanda a gaba. Suka iso Ɗakin Dogo ƙarfe sha biyu saura minti biyar, ta riga ta ja sarƙa. Wani ɗan sanda ya fito yana gyara bel.

"Mama, buɗe mana. Minista ne."

"Ko Fafaroma ne. Jirgi na tafe."

"Ba ki ji abin da na ce ba?"

"Na ji, ɗan nan. Koma mota, iska za ta kama ka."

Aka buɗe ƙofar baya, Anselmo ya fito, ya yi ƙiba, furfura ta fara. Ya ɗaga wa ɗan sandan hannu, ya sunkuya ta ƙarƙashin sarƙa ya zo ya tsaya kusa da ita. Ya sumbaci kumatunta, ta bar shi, amma idonta na kan layi. Jirgin ya yi lattin minti goma sha ɗaya. Haka suka tsaya cikin iska har ya ɓullo ya wuce a hankali.

"Na ga kana leƙen taga," in ji ta. "Fasinja nawa ka gani?"

"Uku."

"Huɗu. Matar Isidro tana da jariri a cinya. Kullum haka kuke, sai kun bar wani a baya."

A madafa ta soya masa migas, ɓarɓashin burodi da tafarnuwa da man zaitun, abincin da ya fi so tun yana yaro. Ya ci cokali biyu ya ajiye.

"Yaya, gaskiya ne. Zan sa hannu."

"Ina jin ka."

"Layi goma sha tara ne. Abin da ake kashewa a kansu zai gina asibitoci, zai gyara hanyoyin da mutum dubbai ke bi. Na duba ta kowace fuska, wallahi na duba. Kuma akwai waɗanda suka ce in cire namu a ɓoye, ba wanda zai yi magana. In na cire na yayata na rufe na sauran, da wane ido zan dubi mutanen can? Su ma suna da yayye."

"Wa ya ce ka cire don ni? Ni na kusa ajiye aiki, ko ka rufe ko ka bari." Ta jawo kujera ta zauna daf da shi. "Selmo, ka san Tomasa, wadda take ba ka gyaɗa kana yaro? Duk Talata jirgin nan take bi zuwa asibiti a wanke mata jini. Isidro da shi yake kai cukunsa kasuwa. Su ukun da ka gani ba don shan iska suka hau ba, don ba su da wata hanya ne. Mai mota ai ba ya jiran jirgi."

"Za a sa bas."

"Har yaushe?"

Ta tura masa kwanon.

"Cinye. Ana jiran ka a zauren gari."

Abin da aka yi a zauren ran nan har yau ana labarinsa. Anselmo ya tsaya shi kaɗai gaban mutum ɗari, ya hana 'yan sanda shiga. Aka kira shi butulu, aka kira shi ɗan birni. Wani tsoho ya ce kwal ɗin jirgin nan ne ya ɗumama Anselmo yana jariri, cukun da ya ci ya yi karatu ma jirgin nan ne ya kai masa. Ya tsaya ya sha duka, yana amsa abin da ke da amsa. Can wani daga baya ya ɗaga murya ya ce nawa kamfanonin mota suka ba shi.

Casilda tana layin gaba, jaka a cinya. Ta miƙe ta juyo ta fuskanci jama'a.

"Wanda ya faɗi wannan ya fito in ga fuskarsa." Ba wanda ya motsa. "To ku ji. Yaron nan ya yi kuskure, na faɗa masa a gida, ina kuma faɗa a nan. Taurin kai gare shi, kuma yana ganin abin da ke takarda ya fi abin da ke gabansa. Amma ba ɓarawo ba ne, ba kuma maƙaryaci ba. Da maƙaryaci ne da ya aiko muku wani da alkawari. Ku zage shi a kan abin da ya yi, ni ma zan taya ku. Abin da bai yi ba kuwa, sai kun bi ta kaina." Ta juya wurinsa. "Kai kuma, ranka ya daɗe, bas ɗin da ka ce, ka rubuta a takarda yanzu ka ba Ciriaco. Talata da Juma'a, kuma ta tsaya a ƙofar asibiti."

Minista ya ciro alƙalami ya rubuta a kan teburin zaure, kamar ɗan makaranta.

Jirgi na ƙarshe ya wuce ranar ƙarshen Disamba da tsakar rana, dusar ƙanƙara na sauka. Ran nan kam a cike yake maƙil, har da 'yan jarida. An ɗauko Melquiades daga gidan tsofaffi an zaunar da shi kusa da direba. Casilda ta ja sarƙarta, ta ɗaga tuta, ta tsaya har ƙarar ta ɓace. Sannan ta buɗe hanya, ko da yake ba mota ko ɗaya da ke jira, ta shiga gida ta ɗora tukunya.

Wata goma sha huɗu ba ta yi magana da ƙanenta ba. Wasiƙunsa takan karanta ta ajiye. In ya bugo waya shagon Ciriaco aka aiko a kira ta, sai ta ce ƙafarta na ciwo. Maite ce kaɗai take amsa wa. Fermin ya zuba mata ido har ya gaji, wata rana suna ɓare wake ya ce, "Ni abin da ban gane ba, ke kika raine shi kada ya yi son kai. Yanzu ya ƙi yin son kai, kuma kina fushi."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa."

"To ɓare wakenka."

Amma ita kanta ta daina ɓare waken.

A farkon bazara aka yi wa majalisar ministoci garambawul, aka sauke Anselmo. A rediyo ta ji. Maite ta ce mata tun ranar wayar gidansu ta yi tsit, mutanen da ke cika musu falo sun ɓace, shi kuma yana zaune da rigar barci har azahar. Casilda ta ce, "Ki ce masa lokacin shukar dankali ya yi, bayan Fermin kuma ba ya lanƙwasuwa."

Ranar Juma'a tana lambu ta hango mutum yana tahowa da ƙafa daga gari, da 'yar jaka, fuskarsa fari fat kamar takarda.

"A me ka zo?"

"A bas."

"Yaya ka ji ta?"

"Awa biyu da rabi. Jirgi minti hamsin yake yi." Ya zauna kan katanga. "Na yi amai sau biyu a kwanar tudun nan. Tomasa ce kusa da ni. Ta ba ni lemon tsami in tsotsa, ta riƙe mini goshi, tana zagina tun daga Soria har nan."

Casilda ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Dariya ta ƙwace mata har sai da ta dafa ƙotar fartanya, hawaye na zuba. Shi ma ya fara, Fermin ya leƙo ta taga yana tambaya lafiya. Da ta lafa ta miƙa masa fartanyar.

"Cire takalman nan na birni. Kunya shida ce, ka fara daga can."

Mako uku ya yi a Ɗakin Dogo, hannuwansa suka yi kanta, barci ya dawo masa. Daga nan ya koma koyarwa, bai sake shiga gwamnati ba. A kan maganar layi kuwa ba su taɓa daidaitawa ba. Shi yana nan a kan cewa in aka sake ba shi takardar zai sake sa hannu, sai dai ya yarda bai zaci garuruwan za su mutu da sauri haka ba. Ita kuma tana nan a kan cewa ya yi kuskure. Duk Kirsimeti sai sun tayar da maganar a kan teburi, Maite da Fermin su kwashi kwanonsu su koma madafa.

Hukumar jiragen ta bar mata gidan. Bayan shekara shida Fermin ya rasu a kujerarsa, da rana, yana sauraron ƙwallo a rediyo. Aka zo aka kwashe dogo, aka zuba tsakuwa, layin ya zama hanyar masu keke. Da farko ta tsane su, da matsattsun wandunansu masu ƙyalli. Daga baya ta ajiye tulu da kofi a bakin ƙofa, in sun tsaya shan ruwa ta gaya musu inda gangara take da inda za su yi hankali. Da idonta ya fara hazo Maite ta kai ta Madrid aka yi mata aiki, kuma tun daga nan takan yi watannin sanyi a gidansu. Ta ce gidan ya yi zafi, burodin birni ba shi da ɗanɗano, kuma Anselmo har yanzu bai iya wanke kofi ba. Watan Maris na kamawa take haɗa kayanta.

Tana da shekara tamanin da shida, mutanen Valdecorza sun koma talatin da ɗaya, aka liƙa sanarwa a ƙofar zaure cewa za a soke bas ɗin Juma'a, a bar ta Talata kaɗai. Lokacin Anselmo yana nan, ya zo taya ta tonon dankali, shi ma tsoho ɗan saba'in da biyar mai sanda. Ta sa shi ya ɗauko takarda da alƙalami, don hannunta ya fara rawa.

"Rubuta. Zuwa ga minista."

"Yaya, yanzu ba minista ke kula da wannan ba, gwamnatin yanki ce."

"To zuwa ga ko wane ne. Rubuta: ku mutanen nan ba ku da kunya."

"Ba a fara wasiƙa haka. Bari in ce, muna matuƙar damuwa da…"

"Ni ban damu ba, haushi nake ji. Wasiƙarka ce ko tawa?"

Ya rubuta yadda ta faɗa, kalma bayan kalma, shafi biyu. Ta lissafa sunan kowane tsoho da ke bin motar da ciwon da ke kai shi asibiti. Ta sa ya karanta mata sau biyu, ta kama shi ya sassauta wata kalma, ta sa ya mayar. Sannan ta sa hannu da kanta, a hankali, ta ce ya ƙara a ƙasa: tsohuwar mai tsaron dogo.

Amsa ta zo bayan wata biyu, 'yar gajeriya, ana gode mata da nuna kishin yankinta. Aka soke ta Juma'ar. Casilda ta rasu a watan Afrilu, a ɗakin da aka haife ta, Anselmo da Maite na gefenta, bayan jinyar kwana tara.

Anselmo bai bar maganar ba. Ya rubuta wasiƙa bakwai, ya je ofishin da kansa sau biyu, ya zauna a layi da sandarsa cikin masu jira, yawancin ma'aikatan ma ba su san ko wane ne ba. A shekara ta biyu aka dawo da bas ɗin Juma'a, amma daga Yuni zuwa Satumba kawai. Ya ce zai ci gaba da rubutu har a cika sauran watannin. Yanzu a Ɗakin Dogo yake yin bazara, shi da Maite. Dankalinsa ba ya yin girma, kowa a gari ya gaya masa dalili, shi kuwa yana nan a kan cewa laifin ƙasar ne.